Filin Ma'aikata: An Kori Maigidana Daga Aikin Dogo, Wa Zai Raba Gardamar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina gaisuwa, ina yi maka barka da damina. Ni matar aure ce daga wani ƙauye a ƙasar Gumel. Maigidana lebura ne a aikin layin dogo, yana cikin masu bin layi da ƙafa suna duba ƙarafa da ƙusoshi a can inda aka tura su. Kafin azumi mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, ya nemi izini wurin helmansu da baki, ya zo ya kai ta asibiti. Yana can ɓarayi suka kwance ƙarafa a yankin da yake dubawa. Da ya koma aka miƙa masa takardar tuhuma da Turanci. Helman ya ce kada ya ja magana, ya ba da haƙuri kawai, har ya sa wani ya rubuta masa amsa shi kuma ya sa hannu. Ashe abin da aka rubuta shi ne ya amsa ya bar aiki ba da izini ba. Aka dakatar da shi ba albashi. Daga baya aka kira shi gaban kwamiti, sai ga helman zaune cikin masu yi masa tambaya, ya kuma ce shi bai tuna da wani izini ba. Yanzu takardar kora ta zo. Surukina ya yi kamun ƙafa wurin manya har takalminsa ya suɗe. Wani abokinsa ya ce akwai masu raba gardama tsakanin ma'aikaci da wurin aikinsa ba sai an je kotu ba. Baba, da gaske ne? Ina ake samunsu? Yaranmu shida, hatsin bara kuwa ya ƙare.
Daga Uwar Yara, Jigawa

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya ba surukarki lafiya, ya kuma yaye muku wannan hali. Abokin maigidanki bai yi ƙarya ba, masu raba gardama suna nan. Sai dai ba irin wurin da mutum zai saka babbar riga ya hau mota ya je ya zube ya ce "na kawo ƙara" ba ne, kuma gara ki ji wannan daga bakina tun yanzu kafin ku sayar da akuya ku yi kuɗin mota.

Ba ki gaya mini wanda yake biyansa albashi ba, alhali kuwa a nan hanya ta rabu. Yau masu aikin dogo a Kano da Jigawa iri biyu ne. Akwai ma'aikatan Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda doka ta kafa a 1955, su ne ke kula da tsohon layin da ya iso Kano a 1911 da wanda ya bi ta Ringim, Taura, Gagarawa da Malam Madori ya kai Nguru a 1930. Akwai kuma waɗanda kamfanonin kwangila suka ɗauka a sababbin ayyuka irin na Kano zuwa Maraɗi da reshensa na Dutse, da na Kaduna zuwa Kano. Duk mutanen gari 'yan reluwe suke ce musu, amma a gaban doka ba ɗaya suke ba. Ki sa ya ɗauko takardar ɗaukarsa aiki a duba sunan da ke samanta.

Dokar da ta yi tanadin raba gardama ita ce Dokar Rikicin Ƙwadago ta 1976. Ta ce a fara da hanyar sasanci da aka amince da ita a cikin gida. In ta ƙi, ɓangarorin biyu su zaɓi mai shiga tsakani. In kwana 7 suka wuce bai shawo kansu ba, a rubuta wa Ministan Ƙwadago, shi kuma ya naɗa nasa mai sasantawa. In wannan ma ya gaza, sai Minista ya tura maganar gaban Kwamitin Raba Gardamar Ma'aikata. Su ba lallashi suke yi ba, sauraro suke yi su yanke hukunci, doka kuma ta ba su kwana 21 sai in Minista ya ƙara musu. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 7 ya rubuta ƙin yarda, daga nan magana ta koma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. In ba wanda ya ƙi, Minista ya tabbatar da hukuncin, ya hau kan kowa.

A takarda ke nan. Abin da abokin bai sani ba shi ne wannan hanya an shimfiɗa ta ne don rikicin ƙungiya da masu ba da aiki, ba don kukan mutum ɗaya ba. Korar lebura guda ba ta shiga wannan layi sai ƙungiyarsa ta ɗauke ta ta ce maganarta ce. Saboda haka tambaya ta biyu: ana cire masa kuɗin ƙungiya a albashi? In ana cirewa, to sakataren reshe ba alfarma zai yi masa ba, aikinsa ne da aka biya shi tun da daɗewa. Ƙungiyar 'yan reluwe ba ƙaramar ƙungiya ba ce a tarihin ƙasar nan. Daga cikinta Michael Imoudu ya fito, wanda ya ja ragamar yajin aikin gama-gari na 1945 da ya wuce kwana 40 ya girgiza Turawan mulki. Ni da na yi shekaru ina sakataren reshe kafin in dawo gona, na san sakatarori iri-iri, akwai mai tashi tsaye, akwai wanda sai an tashe shi. Hanyar tayar da shi ita ce a kai masa koke a rubuce, a karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata. Koken baki a gindin bishiya, shi ma zai ce bai tuna ba.

In kuma kamfanin kwangila ne, kuma babu ƙungiya, ya je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Dutse ko Kano. Jami'an can suna kiran kamfani su zaunar da shi da ma'aikaci, kuma sau da yawa a nan ake biyan mutum haƙƙinsa ba tare da an yi nisa ba.

Hanyar da mutum ɗaya zai bi da ƙafarsa ita ce Kotun Ma'aikata, tana da zama a Kano. Tun gyaran tsarin mulki na 2010 duk shari'ar aiki ta koma hannunta. Kada kalmar kotu ta tsorata ki, don a cikinta akwai cibiyar sulhu da aka buɗe a 2015, inda alƙali kan tura ƙara a zauna a sasanta, abin da aka amince a kai kuma a shigar da shi a matsayin hukuncin kotu. Amma ku yi hattara da lokaci. In Hukumar Jiragen Ƙasa ce, dokar da ta kafa ta ta ce sai an ba ta sanarwa a rubuce wata 3 kafin a shigar da ƙara, kuma ƙarar ta shiga cikin wata 12 da faruwar abin. Mutane da yawa masu gaskiya sun faɗi a nan, suna can suna jiran alkawarin wani babban mutum har lokaci ya ƙure. Wannan ne ya sa ban yaba wa kamun ƙafar surukinki ba, duk da na san ƙauna ce ta sa shi. Ya ci gaba in yana so, amma takarda ta riƙa tafiya tare da shi.

Yanzu bari mu shiga cikin maganar kanta, don ko gaban wa aka je, mai raba gardama ne ko alƙali, tambayoyin ba sa canzawa. Ba zai tambayi yawan 'ya'yanku ba, 'yata, ko da kuwa zuciyarsa ta karye. Zai tambaya: mutumin nan ya san ƙa'idar da aka ce ya karya? An yi bincike kafin a hukunta shi ko kuwa an yanke hukunci ne sannan aka nemo dalili? Binciken an yi shi da adalci? Akwai hujja ta gaske? Wasu da suka yi irin laifin, haka aka yi musu? Horon ya yi daidai da girman laifin da kuma shekarun da ya yi yana aiki ba tabo?

Ki auna labarinki da waɗannan. Inda maigidanki yake da ƙarfi shi ne zaman kwamitin. Wanda ya kai ƙararka, wanda kuma shi ne shaida a kanka, ba ya zama cikin masu yanke maka hukunci. Wannan ƙa'ida ce da kotunan Najeriya suke riƙe da ita gam, tushenta sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 da ya yi maganar sauraron kowa da adalci. Helman nan wurinsa kujerar shaida, inda maigidanki zai dube shi ido da ido ya ce, "Ranar kaza bayan sallar asuba, ba a gaban wane na gaya maka tsohuwata ba lafiya ba?" In an hana shi wannan dama, ko ba a bar shi ya kawo nasa shaidu ba, ko an yi zaman da Turancin da ba ya ji ba tare da tafinta ba, duk a rubuta. Ma'aikacin da doka ce ta tsara ƙa'idojin aikinsa, in aka kore shi ba bisa ƙa'ida ba, kotu na iya mayar da shi bakin aiki a biya shi albashin da ya wuce. Na kamfani kuwa galibi diyya ake ba shi, ba a cika tilasta wa kamfani ya mayar da mutum ba.

Akwai kuma abin da ya kamata a rarrabe: rashin zuwa aiki daban, satar ƙarafa daban. In takardar tuhuma ta ce ya bar aiki, takardar kora kuma ta ce yana da hannu a sata, to an kore shi kan laifin da ba a taɓa tambayarsa a kai ba. A ajiye takardun biyu gefe da gefe a karanta.

Inda yake da rauni kuwa, kin riga kin faɗa da bakinki: hannun da ya sa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Takardar tuhuma ba kora ba ce, tambaya ce, kuma a ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya ana ba mutum awa 72 ya amsa. Awa 72 sun isa ya kai ta wurin malamin makaranta ya fassara masa, ya je wurin wakilin ƙungiya, ya rubuta abin da ya faru da Hausarsa in ya so a juya masa. Amsar farko ita ce ginshiƙin fayil, duk wanda zai duba maganar nan gaba da ita zai fara. "Ba da haƙuri kawai, za mu rufa maka asiri" magana ce da na sha ji, kuma kusan kullum mai faɗarta nasa asirin yake rufawa, domin in aka ce ya ba da izini da baki bai rubuta ba, bai kuma sa wani a madadin ba, tuhuma ta juyo kansa.

Amma ba a rufe ƙofa ba. Amsar da aka rubuta wa mutum cikin harshen da ba ya karantawa, ba a kuma fassara masa ba, ana iya ƙalubalantarta. Sai dai faɗa ba ta isa, sai da abin nunawa. A nemo katin asibitin tsohuwar da rasiɗin magani masu kwanan wata. A nemi abokan aikin da suka ji lokacin da ya nemi izini, ko mutum ɗaya ne mai tsoron Allah. In ya kira helman a waya daga asibiti, kada a goge. A haɗa da takardar ɗaukar aiki, ta tuhuma, ta dakatarwa, ta kora, da takardun albashi, a yi kwafi, na ainihi kuma su zauna a akwatinki. Kamar cinikin gona ne, ranar rikici ba wanda ya fi kuka ake ba ba, mai takarda da shaidu ake ba. Sannan ya rubuta ɗaukaka ƙara zuwa ga shugabannin wurin aikin a wannan makon, ya faɗi abu uku ƙarara: ban san abin da na sa wa hannu ba, mai tuhumata ya zauna cikin alƙalaina, ga hujjar inda nake.

Batun hatsi kuma: in ana cire masa kuɗin fansho ana zubawa a asusunsa, kuɗin suna nan da sunansa. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba, ya rasa aiki ya yi wata 4 bai sami wani ba, damar neman kashi 25 cikin 100. Ya tambayi kamfanin fanshonsa. Allah ya kawo mafita.

TAMBAYA: Baba, barka da ƙoƙari. Ni malamin sakandare ne. Na ji an ce a Amurka 'yan reluwe suna da wurin shari'arsu na kansu, ba sa zuwa kotu in an kore su. Yaya abin yake, kuma me ya hana a yi mana irinsa?
Daga wani Malami, Malam Madori

AMSA: Malam, haka ne. Dokarsu ta ƙwadagon jiragen ƙasa ta 1926 ce, a 1934 aka yi mata gyara aka kafa wata hukuma a birnin Shikago da ba ta da aiki sai warware irin wannan rikici. Mutum 34 ne, 17 daga kamfanoni, 17 daga ƙungiyoyi, an kasa su sashe 4 bisa sana'a. Direbobi da kwandastoci suna sashe na ɗaya, makanikai na biyu, masu gyaran layi irin mijin baiwar Allah da ta rubuto a sama suna na uku. Tunda ɓangarorin kunnen doki ne, galibi sai a cije, don haka ake kawo ɗan ba-ruwana ya raba, gwamnati ce kuma ke biyansa. Da ƙararraki suka taru suka yi tsibi, a 1966 aka ba da dama kamfani ɗaya da ƙungiya ɗaya su kafa ƙaramin kwamiti na mutum 3, nasu ɗaya, namu ɗaya, ɗan ba-ruwana ɗaya. Yawancin shari'un kora yanzu a irin waɗannan ake yinsu.

Dokar ta raba rikici gida biyu. Babba shi ne neman sabuwar yarjejeniya, albashi da makamantansa, wanda bayan doguwar hanya kan iya kaiwa ga yaji. Ƙarami shi ne saɓani kan yarjejeniyar da ake da ita, horo da kora duk suna ciki, kuma a kansa ba a yajin aiki, dole a je raba gardama. Hukuncin da aka yanke ya zauna. Kotu ba ta taɓa shi sai in hukumar ta saɓa wa dokar, ko ta wuce huruminta, ko an yi maguɗi da cin hanci. Cewa "sun yi kuskure" ba dalili ba ne.

Tambayoyin nan da na jera wa 'yata a sama ma daga can suka yi suna. Wani mai raba gardama, Carroll Daugherty, wanda ya yi aiki da hukumar 'yan reluwen, shi ya tsara irinsu guda 7 a wani hukunci na 1966, har yau ƙungiyoyi suna koyar da su.

Kada ka ɗauka aljanna ce. Zaman farko jami'in kamfani ne ke jagorantarsa, kamfani ne mai tuhuma, shi ne kuma mai hukunci, ƙungiyoyinsu sun daɗe suna kuka da wannan. Ana iya shekara da shekaru ana jira, a ƙarshe a ce mutum ya koma aiki amma ba za a biya shi na zaman gida ba. Sannan ɗan ba-ruwanan ba ya karɓar sabuwar hujja. Abin da aka faɗa aka rubuta tun maganar tana cikin kamfani, shi kaɗai zai karanta. Shaidar da ba ka kawo ba a lokacin, ta tafi ke nan. Shi ya sa wakilin ƙungiya a can ba ya barin ma'aikaci ya shiga zaman bincike shi kaɗai, kuma duk abin da bai yarda da shi ba sai ya ce a rubuta.

Abin da nake sha'awa a tsarinsu guda ɗaya ne: lebura ɗaya yana da wurin zuwa wanda aka yi dominsa, har ma yana iya kai ƙararsa da kansa in ƙungiya ta yi sanyi, kuma masu sauraronsa sun san bambancin mai bin layi da mai juya layi. Me ya hana mu? A ganina ba doka ba ce ta hana. Ƙungiya na iya sa wannan cikin yarjejeniyarta da masu ba da aiki, cewa duk korar da aka yi jayayya a kanta za a kai wa mutum uku su duba cikin wata kaza. Amma in an zauna teburin ciniki, kowa albashi yake kallo, batun horo sai a bar shi a shafin ƙarshe. Yanzu da ake shimfiɗa sababbin layuka, gyaran tsarin mulki na 2023 kuma ya ba jihohi damar yin nasu jiragen, lokacin sa wannan magana ne, tun kafin a ɗebi yaranmu aiki.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni helma ne, ina da yara a ƙarƙashina. Ɗaya daga cikinsu kullum sai rana ta take yake zuwa, na yi faɗa har na gaji. Oga ya ce in rubuta masa takarda. Ɗan ƙanwar matata ne. Yaya zan yi ban zalunce shi ba, ban kuma ci amanar aiki ba?
Daga wani Helma, ƙasar Madobi

AMSA: Alhaji, rubuta masa, shi ne adalcin. Wanda aka yi ta rufa wa asiri, ranar da abin ya fashe kora ake yi masa kai tsaye, don babu gargaɗin farko balle na biyu. Ka faɗi ranakun da ya makara da ƙarfe nawa ya zo, ban da "kullum" da "halinsa ne". Ka karanta masa da Hausa a gaban wakilin ƙungiya ko wani abokin aiki, ka bar shi ya je ya rubuto amsarsa da kansa, kada ka ce ga abin da zai ce. In akwai wani mai makara irinsa, shi ma ka ba shi tasa a rana ɗaya. In magana ta kai gaban kwamiti, ka gaya wa oga tun da wuri cewa surukinka ne, kai shaida za ka bayar ka fita. Daga yau kuma ka sayi littafi na ɗari biyar, duk wanda ya nemi izini ka rubuta sunansa da ranar, ku sa hannu ku biyu. Uwargida za ta yi fushi, ka nuna mata amsar nan ka ce ni na sa ka.